Fitilar mota ta yi hazo ta koma ruwan ɗorawa: a goge ko a canza?

Abu_Hanifa_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani. Corolla ce gare ni ƙirar 2008, gilashin fitilunta na gaba duk biyun ya yi hazo, ya koma ruwan ɗorawa, musamman ta sama inda rana take duka. Na sa sababbin ƙwai amma hasken bai ƙaru ba. Aikina yana sa ni dawowa daga Zariya bayan isha'i, kuma tsakanin Jaji da Maraban Jos wallahi da ƙyar nake ganin gefen titi. Wani ya ce in goge da makilin, wani ya ce samfefa, bakanikena kuma ya ce kada in ɓata lokaci, in sayi wata kawai. Wanne ne gaskiya? Ana gyara ta ta daɗe, ko kuɗi kawai zan zubar?

Sadiq_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Makilin kawai, Malam. Ka matsa a tsumma, ka dirje ta sosai, ka wanke da ruwa. Nan take za ka ga bambanci, kuma ba ka kashe komai ba.

Maman_Ilham:
Ni ma da makilin aka yi min a wajen wankin mota. Ranar ta yi kyau ƙwarai, har na ji daɗi. Kafin wata ya zagayo ta koma gidan jiya. Ina biye da ku, don matsalarmu ɗaya da Malam Abu.

Injiniya_Bash:
Kafin maganar magani bari mu san cutar. Abin da muke kira gilashin fitila a motocin yanzu ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri da ake kira folikabonet. An zaɓe ta ne saboda ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta fasa ta da sauƙi, kuma ana iya lanƙwasa ta yadda mai zana mota yake so. Amma tana da rauni biyu: tana saurin karcewa, kuma rana tana cin ta. Shi ya sa tun a kamfani ake shafa mata wani siririn rufi mai tauri ta waje, wanda yake tare hasken UV na rana, wato ɓangaren hasken da ido ba ya gani amma yake cin roba.

Wannan rufin ne yake mutuwa da shekaru. Zai fara tsattsagewa, ya ɓare wuri-wuri, daga nan rana ta samu robar kai tsaye, sai ta yi rawaya ta yi kaushi. Mu kuma a nan ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da take dukan gaban mota kana gudu, ga masu wanki da garin omo da soso mai kaushi. Ƙari a kan haka yawancin motocinmu sun sha ranar wata ƙasa shekaru kafin su shigo.

Makilin yana da ɗan gari mai laushi na goge haƙori, don haka yana kankare saman dattin kaɗan. Sadiq bai yi ƙarya ba da ya ce za a ga bambanci. Abin da makilin ba zai iya ba shi ne mayar da rufin da ya mutu, shi ya sa ta Maman Ilham ta dawo.

Malam Abu, yi wannan gwajin kafin ka kashe ko sisi: watsa mata ruwa. Idan tana jiƙe ta washe tas, da ta bushe hazon ya dawo, to lalacewar a waje take kuma gugar samfefa za ta yi aiki. Idan tana jiƙe ma hazon yana nan, matsalar ta ciki ce, wannan wani zance ne daban.

Sadiq_Rigasa:
To Injiniya, ai ni ban ce ta har abada ba ce. Wanda ba shi da halin zuwa wajen mai fenti, ya riƙa yi duk wata, ya fi ya zauna a duhu.

Garba_Tudun_Wada:
Ku bar wahala. Man burki za ka ɗan shafa da auduga, ko ka fesa maganin sauro irin na shafawa a jiki. Minti ɗaya ta zama sabuwa. Na ga ana yi a bakin titi da idona.

Oga_Sani_Fenta:
Garba, don Allah kada ka ƙara gaya wa kowa wannan. Man burki yana cin fenti. Ɗigo ɗaya ya gangaro kan bamba ko fenda, idan ba a wanke nan take ba sai ka ga fentin ya kumbura. Ita kanta robar fitilar ba ta jure masa. Sheƙin da kake gani mai ne ya cike karce-karcen, da an yi ruwan sama ko an wanke mota shi ke nan. Maganin sauron kuma ya fi muni, narkar da saman robar yake yi, ta yi danƙo, ƙura ta manne. An sha kawo min irin su gareji, aikinsu ya fi na wadda ba a taɓa ba wahala. Haka tina da fetur, kada su kusanci fitila ko kaɗan, suna sa ta tsage ƙanana-ƙanana.

Malam Abu, ga yadda muke yi. Da farko a wanke fitilar da sabulu. A zagaye ta da salatif na takarda, ninki biyu, don samfefa kada ta taɓa fentin bonet da bamba. A jiƙa samfefa a bokitin ruwa ta yi laushi. Idan fitilar ta lalace sosai muna farawa da samfefa lamba 600, idan da dama-dama 800, don ƙaramar lamba ta fi kaushi. Kana gugawa kana zuba ruwa, hannu yana tafiya gefe zuwa gefe, ba zagaye ba, kuma ba da ƙarfi ba. Ka lura da ruwan da yake gangarowa: da farko ruwan ɗorawa zai riƙa fitowa, wato matacciyar fatar ce take fita. Kada ka tsaya sai ya koma fari kamar tsinkakken koko. A nan ka san ka isa roba mai rai.

A wannan lokacin fitilar za ta yi fari fat, ba ka ganin komai a ciki. Nan ne masu mota suke tsorata, wani har ya riƙe maka hannu yana cewa ka kashe masa fitila. Haka ake so ta zama. Abin dubawa shi ne farin ya zama bai-ɗaya. Ka share ta bushe, idan ka ga tsibiri-tsibiri masu sheƙi, ragowar tsohon rufi ne, ka koma kansu. Ƙusurwoyi da bakin sama su ne aka fi tsallakewa.

Daga nan sai lamba 1000, ka juya hannu sama zuwa ƙasa, don ka gane lokacin da layukan lambar baya suka ɓace. Kowace lamba aikinta ta share karcen wadda ta gabace ta. Wanda ya yi tsalle daga 600 zuwa 2000 zai ga layuka da daddare idan ya kunna fitila.

Abu_Hanifa_Kawo:
Na gode Oga Sani, Allah ya saka da alheri. To bayan 1000 fa? Na ji ana maganar har 3000.

Oga_Sani_Fenta:
Nan hanya ta rabu biyu. Idan folish za ka yi, sai ka ci gaba 1500, 2000, 3000, sannan ka sa man folish da inji ko da hannu har ta yi garau. Idan kuma kiliya za a fesa, wato fentin nan garau marar launi da ake rufe fentin mota da shi, ni a 800 ko 1000 nake tsayawa, saboda kiliya tana buƙatar ɗan kaushi da za ta kama, kuma ita da kanta take cike karcen ta mayar da fitilar garau. Wanda ya yi folish har ta yi santsi sannan ya fesa kiliya, ɓarewa za ta yi. Kuma kiliyar mota nake nufi, mai haɗin hadna, wato ruwan da yake sa ta yi tauri, ba ta gwangwanin feshi da ake sayarwa a shagon kayan gini ba. Waccan ita kanta rawaya take yi.

Injiniya_Bash:
Abu mafi muhimmanci a zancen Oga Sani shi ne wannan: samfefa tana cire ragowar kariyar gaba ɗaya. Idan aka goge aka yi folish aka tsaya a nan, an bar robar tsirara a rana, cikin 'yan watanni za ta sake rawaya, wani lokaci fiye da da. Masu yi a bakin titi da yawa a nan suke tsayawa, ka biya ka tafi kana murna. Duk wanda zai goge maka fitila ka tambaye shi tun kafin ya fara: me za ka shafa a ƙarshe?

Sai dai ina da ja kaɗan a kan kiliyar jikin mota. An yi ta ne don fenti, ba don haske ya ratsa ta ba. Idan hannun mai feshin bai daidaita ba ta yi ƙurji-ƙurji ko ta zuba, za ta watsa haske, kuma cire ta daga baya aiki ne ja. Ni na fi natsuwa da ruwan kariyar UV da aka yi musamman don fitila, ko kuma ledar nan mai garau da ake mannawa a kai.

Oga_Sani_Fenta:
Injiniya, a takarda maganarka daidai ce. Amma wannan ruwan shafawa na cikin ɗan kwali, a ranar Kaduna ban ga wanda ya kai shekara ba sai an sake. Kiliya mai kyau a hannun wanda ya iya tana yin shekaru. Matsalar hannu ce, ba ta kiliya ba. Ledar kuma idan ba mai kyau ba ce, ita ma rawaya take yi ta ɗaɗɗago ta gefe.

Baba_Kakuri:
Ku yaran yanzu kuna shan fama. Lokacin da aka fara haɗa Peugeot 504 a nan Kakuri a 1975, fitila gilashi ce ta gaske. Ka wanke da ruwa ka share, shi ke nan, shekara ashirin tana nan yadda take. Har yau ku duba tsofaffin Golf 3 da Marsandi 190 da suke yawo a gari, jikin ya tsufa amma fitilar ba ta yi rawaya ba. Abin da yake kashe ta dutse ne kawai. Ban ga ci gaban da aka samu ba da aka koma roba.

Ummi_Malali:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma gilashin nan idan aka yi haɗari ko aka buge mai tafiya a ƙasa, yankan da yake yi ba kaɗan ba ne. Kuma tirela ta harbo tsakuwa ɗaya a hanyar Abuja, fitila ta tafi. Kowanne da nasa.

Baba_Kakuri:
Haka ne 'yata, ban musa ba. Amma a lokacin gilashin kaɗai ko fitilar ɗaya za ka saya da kuɗi kaɗan. Yanzu fa je ki tambayi kuɗin ta Camry ki ji.

Nura_Kayan_Mota:
Tunda an zo kan saye bari in sa baki, don sana'ata ce. Fitila iri uku ce a kasuwa. Akwai ta asali da aka ciro daga wata motar, wadda muke kira Beljiyam. Akwai sabuwa a kwali ta Taiwan ko Chana, ita ma hawa-hawa ce. Sai kuma wadda aka goge aka shafa mata mai aka jera a matsayin Beljiyam mai kyau. Wannan ta ukun ita ce abin tsoro. Ka shafa ta da yatsa, idan ka ji maiƙo ka ajiye. Ka duba kunnuwan da ake ɗaure ta da su ko an yi musu liƙi, ka leƙa kwanon ciki mai sheƙi ko ya ƙone ya yi baƙi-baƙi a saman ƙwai.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba: mu tun 1972 muke tuƙi a hannun dama. Fitilar motar Ingila ko Japan an yi ta ne don masu bin hannun hagu, haskenta na dim yana ɗagawa ta hagu. Ka sa ta a nan, gefen titinka yana duhu, hasken kuma yana shiga idon mai tahowa. Za ta hau motarka daidai, ba za ka gane ba sai dare. Ka haska ta a bango kafin ka biya, ɓangaren da hasken ya ɗaga ya zama dama.

Shawarata ga Malam Abu, idan fitilarsa ta asali ce kuma cikinta lafiya, gara ya goge ta da ya sayi sabuwa mai arha. Mai arhar robarta da rufinta ba su kai ba, kuma sau da yawa tana shan ruwa.

Abu_Hanifa_Kawo:
Malam Nura, mai sayarwa ya ce kada a saya, lallai ka faɗi tsakaninka da Allah. Na gode.

Direban_Sharon:
Ni dai roƙona ɗaya ga duk mai fitilar da ta yi hazo: don girman Allah kada ku ce za ku magance ta da farin ƙwan LED ɗin nan. Kullum ina kan hanyar Kaduna zuwa Kano, mu muka san abin da muke gani. Mutum fitilarsa ta mutu, maimakon ya gyara sai ya sa ƙwai mai ƙarfi. Hazon ya watsa hasken ko'ina, shi bai ga hanya ba, mu kuma ya makantar da mu. Ka yi masa alama ya rage, ashe a dim ɗin yake. Ga fasinja cike da mota, ga masu babur ba fitilar baya, ga tirela ta lalace an sa ganye a titi. Daƙiƙa biyun da idonka ya ɗauke ta isa komai ya faru.

Sadiq_Rigasa:
Amma LED ɗin ya fi haske, Oga direba, kuma ba ya cin batir. Ni shi ne a motata, ban ga wanda ya yi min ƙorafi ba.

Direban_Sharon:
Wa zai tsaya ya yi maka ƙorafi a kan titi, ƙanena? Ka ajiye motarka da daddare, ka kunna, ka taka gaba kamar taku talatin ka juyo ka kalle ta. Sai ka dawo ka ba mu labari.

Isiya_Mai_Wayarin:
Direba ya yi gaskiya. Kwanon fitilar da aka yi don ƙwan halojin, wato ƙwai mai zare da aka saba da shi, an auna shi ne da daidai inda ɗan zaren ƙwan yake. LED haskensa daga wani wuri yake fitowa, sai layin dim ya ɓace, haske ya tashi sama. Motar da ta zo da LED daga kamfani daban ce, an gina fitilar don shi.

Akwai kuma masu sa ƙwai mai ƙarfin wat 100/90 a inda kamfani ya ce 60/55, kamar a motocin da suke amfani da ƙwai nau'in H4. Wutar da yake ja ta kusa ninki biyu. Soket ya narke, waya ta yi zafi, kwanon ciki ya ƙone, wani lokaci robar gaban ma ta yi tabo ta ciki. Wannan tabon babu samfefar da za ta kai gare shi. Sannan kafin a ɗora wa gilashi laifi duka, a auna wutar da take isa ƙwan. Tsohuwar waya da as ɗin da ya yi tsatsa, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, suna rage haske sosai. Na sha gyara as kawai mai mota ya ce kamar an canza masa fitila.

Hajiya_Barnawa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa daban ce. Tun damina ɓangaren dama yake yin gumi ta ciki, da safe sai ka ga ɗigo-ɗigon ruwa. An ce in kai a huda ƙasanta ruwan ya fita. Ya kuka gani?

Isiya_Mai_Wayarin:
Hajiya, kada a huda. Fitila tana da 'yan ƙofofin shan iska a bayanta tun daga kamfani. Ɗan gumi kaɗan da yake ɓacewa bayan an kunna fitila ba komai ba ne. Amma ɗigo-ɗigo ko ruwa ya kwanta a ƙasa, wannan yoyo ne. A fara duba murfin roba na bayan ƙwai, sau da yawa wanda ya canza ƙwai ne bai mayar da shi daidai ba. A duba ko ta tsage a wani gefe, ko gam ɗin da ya haɗa gilashin da jikin ya saki. A cire ta, a busar da ita sosai, a sake liƙe bakin. Huji zai shigo miki da ƙurar hunturu, ta kwanta a kan kwanon, kuma shi kwanon ba a goge shi, da an taɓa sheƙin yake fita.

Hajiya_Barnawa:
Madalla, na gode Malam Isiya. Kuwa bayan an canza min ƙwai ne abin ya fara.

Ummi_Malali:
Ina so in koma kan maganar kiliya. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Hadnar da ake haɗawa da ita tana da sinadarin da yake cutar da huhu, yana iya jawo asma ga mai shaƙarsa a kai a kai. Takunkumin yadi ko irin wanda muka sa lokacin korona ba ya tare shi. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya fesa a tsakar gida yara suna wasa. Oga Sani, ku ma da yaranku na gareji ku riƙa sa takunkumin fenti na gaske.

Oga_Sani_Fenta:
Gaskiya ne Anti, kuma shi ya sa na ce guga kowa zai iya a gida, amma feshi a bar wa masu shi.

Khalifa_Mando:
Ba wanda ya ambaci butar tururi. Akwai wani ɗan kofi mai wuta da ake zuba wani ruwa a ciki, tururin yana taɓa fitilar da aka goge sai ta washe nan take. Na ga bidiyonsa a TikTok, yanzu ma akwai masu yi a gari. Wannan fa?

Injiniya_Bash:
Khalifa, ruwan sinadari ne mai narkar da roba. Tururin yana narkar da fatar sama ta kwanta ta yi santsi, shi ya sa karcen samfefa yake ɓacewa a gaban idonka. Kyau kam yana yi. Amma ka lura, sai an yi gugar samfefar dai tukuna, wato bai rage maka aiki ba, folish kawai ya maye. Kuma narkar da roba ba shi ne ba ta kariya daga rana ba, tambayar tana nan: me aka shafa a ƙarshe? Tururin kuma ba abin shaƙa ba ne, maganar Anti Ummi ta hau kansa.

Game da tambayar farko ta a goge ko a canza, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2018. Ta samu fitilar da ta yi hazo sosai tana ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Gogewa ta dawo da shi kusan kashi 70, sabuwa wadda ba ta kamfanin motar ba kashi 83 zuwa 90, ta asali sabuwa kuma 100. Ku haɗa da wannan: mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Malam Abu da yake bin hanyar Zariya da dare, ba maganar kwalliya yake yi ba.

Nura_Kayan_Mota:
To Injiniya, wannan lissafin ai ya nuna sabuwar kwali ta fi gogewa. Sai dai ni na san irin kwalin da yake shigo mana, ba lallai irin wanda suka gwada ba ne. Ina nan a kan bakata.

Abu_Hanifa_Kawo:
Na yi gwajin ruwan da Injiniya ya ce. Ta hagu ta washe tas har ina ganin ƙwan. Ta dama ta washe amma ba duka ba. Da na haska tocilan ta gefe sai na ga wasu 'yan tsage-tsage sirara birjik a sama, kuma farce ba ya jin su. Wannan na waje ne ko na ciki?

Oga_Sani_Fenta:
Wannan robar ce ta tsattsage a cikin namanta. Idan bai yi zurfi ba, lamba 400 tana iya cinye shi kafin a hau 600, amma aiki ne na haƙuri. Idan ya yi zurfi ba ya fita, sai dai ya ragu. Rawayar za ta tafi, hasken zai ƙaru sosai, amma da rana za ka riƙa ganinsu. Ni zan ce a goge duka biyun a gani.

Injiniya_Bash:
Ni kuma a kan ta daman ina tsoron kiliya. Sinadarin cikinta yana iya shiga tsagar ya ƙara buɗa ta. Da ni ne, in goge ta hagu, in nemo Beljiyam mai lafiya ta dama.

Nura_Kayan_Mota:
Idan zai yi haka ya zo da motar, a gwada a jikinta. Corolla ta wannan shekarar akwai ƙirar Amurka akwai ta Turai, fitilunsu ba ɗaya ba ne, kada a saya da hoto. Akwai kuma masu sayar da gilashin gaban kaɗai, a gasa fitilar gam ya saki a canza, amma sai wanda ya iya liƙi, in ba haka ba ya faɗa matsalar Hajiya.

Direban_Sharon:
Ko wacce kuka zaɓa, duk fitilar da aka cire aka mayar sai an saita ta. A samu fili mai daidai, a fuskanci bango kamar mita 7 zuwa 8, a kunna dim. Layin hasken ya sauka ƙasa kaɗan da tsayin fitilar, kada ya haura. Akwai sukurorin saiti a bayanta. Fitila garau da take kallon sama ta fi mai hazo cutar da mu.

Maman_Ilham:
Oga Sani, ni motata a waje take kwana take wuni, ofis ɗinmu babu rumfa. Idan an yi min kiliyar me zan riƙa yi don ta daɗe? Kuma yanzu da hazo ya fara sauka, in yi ko in jira?

Oga_Sani_Fenta:
Gugar ba ruwanta da hazo, Hajiya, feshin ne ba ya son ƙura. Idan mai fentin yana da ɗaki rufaffe, ko ya cire fitilun ya shiga da su ciki, ki yi yanzu, don lokacin hazo ne kika fi buƙatar haske. Idan a fili zai fesa iska tana kaɗawa, kada ki yarda, ƙura za ta manne a ciki har abada. Bayan an yi, ki bar ta kamar mako guda ba wanki mai ƙarfi. Daga nan ki hana masu wanki sa mata omo da soso, sabulun mota da tsumma mai laushi kawai, kuma kada a share ƙura a bushe, a fara zuba ruwa. Wajen ajiyewa ki riƙa juya gaban motar ya bar rana, ko ki samu tamfol ɗin rufe mota.

Sadiq_Rigasa:
Oga direba, na yi abin da ka ce jiya da daddare a layinmu. Ta hagun ce take kallon sama, zan kai wa Malam Isiya ya saita. Amma LED ɗin ba zan cire ba tukuna.

Isiya_Mai_Wayarin:
Kawo ta bayan magariba, ka taho da tsofaffin ƙwan idan suna nan. Mu haska duka biyun a bango ɗaya ka gani da idonka.